"Ai Kana Gida": Aikin Ofis a Ɗaki da Ranar da Zazzaɓi Ya Kama Ma'aikaci

Ranar 1 ga Disamban 2021 ma'aikatan gwamnatin Jihar Kaduna suka wayi gari cikin sabon tsari. Sanarwar da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fitar ta ce daga ranar za a riƙa shiga ofis ƙarfe 8 na safe a tashi ƙarfe 5 na yamma, ranar Juma'a kuma kowa ya yi aikinsa daga gida, in ban da ma'aikatan makarantu da na asibitoci. A takarda dai Juma'ar ranar aiki ce. Amma sanarwar nan ce kuma ta ce inda aka dosa shi ne a mayar da aiki kwana huɗu a mako, domin ma'aikata su samu lokacin iyali da hutawa da noma. To wanne ma'aikaci zai ɗauka? Ya zauna gaban kwamfuta, ko ya saɓi fartanya? Jama'ar gari ba su wahalar da kansu ba, suka ce an ba ma'aikata hutun Juma'a.

Wannan ruɗanin bai tsaya a Kaduna ba. Yana bin duk wanda ke aikin ofis daga gida a ƙasar nan, na gwamnati ne ko na kamfani. Dangi da maƙwabta na ganin wanda ke gida ba ya aiki. Oga kuma na ganin wanda ke gida ba shi da lokacin tashi. Gaba kura, baya sayaki. Ranar da ma'aikacin ya fi jin matsin nan a jikinsa kuwa ita ce ranar da ya tashi ba lafiya.

Ba wani shiri aka yi aka shiga tsarin ba, dole ce ta sa. An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Legas. Kafin ƙarshen Maris gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna su yi aiki a gida, aka rufe Legas da Ogun da Abuja, Kano ta biyo baya a watan Afrilu. Da annobar ta lafa aka koma ofisoshi, har sai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Jihohin Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako, Legas ma ta ba ma'aikatanta damar yin wasu ranaku a gida a farkon 2024. Ga wanda ke tasowa kullum daga Mararraba ko Suleja zuwa tsakiyar Abuja, irin wannan tsari sauƙi ne babba ga aljihu da jiki. A gefe guda kuma ga wani sabon rukuni na matasa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da ba su taɓa ganin ofishin da suke yi wa aiki ba: masu rubuta manhaja, masu zane, masu fassara, masu amsa wa abokan cinikin wasu kamfanoni tambayoyi. Ogansu na Legas, ko Nairobi, ko Landan.

"Tunda kana gida"

Duk wanda ya yi irin wannan aiki ya san jimlar da ke farawa da waɗannan kalmomi. "Tunda kana gida, ka kai Hajiya asibiti." "Tunda kina gida, ga yaran nan ki riƙe mini, yanzu zan dawo." "Tunda kana nan, zo mu je ɗaurin aure a Ƙofar Mata, ba za mu daɗe ba." Babu mai mugun nufi a cikin masu faɗa. A al'adarmu, wanda aka gani a gida da hantsi ya samu sarari ke nan, kuma mai sarari ba ya ƙin aike. Mai zuwa ofis yana da uzurin da kowa ya yarda da shi: ya fita. Mai aiki a ɗaki sai ya buɗe baki ya ce wa yayan mahaifinsa, wanda ya yi sallama yana tsaye a ƙofar gida, "Baba, a yi mini haƙuri, ina cikin taro." Wane taro, alhali ga ka da jallabiya, ba kowa a ɗakin? Da yawa ba sa iya faɗa. Sai su rufe kwamfutar su fito a gaisa, a tambayi gajiya da iyali da sanyi, a kawo ruwa, aikin kuma ya jira sai bayan sallar isha'i.

Ga mata abin ya fi nauyi. Namiji in ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, akwai mai cewa yara, "Ku yi shiru, Babanku na aiki." Mace ba kasafai take samun mai faɗa mata haka ba. Tukunya na kan wuta, yaro ya dawo daga makaranta yana kuka, baƙuwa ta yi sallama, ga rahoton da ake jira ƙarfe 2. Maigidan da a da yake sayo abincin rana a wurin aiki, yanzu ya san uwargida na gida, saboda haka yana sa ran tarar da shi a kwano.

Abin lura shi ne, aiki daga gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a san intanet, matan aure ke tafiyar da sana'o'i daga cikin gidajensu: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ɗinkin hula, saƙa, kitso, cinikin hatsi da mudu, yara na kai-kawo da talla. Baturiyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan irin wannan cinikin da ake yi a bayan katanga ba tare da an je kasuwa ba, ta nuna girman abin da ke juyawa a cikinsa. Amma a tambayi mijin mai ƙulin me matarsa take yi, sau da yawa cewa zai yi ba ta aiki, tana gida. Tsohon zato ne ke nan, yanzu ne dai ya faɗo kan masu digiri suka fara jin zafinsa. Kuma mai ƙulin ba ta taɓa sanin wani abu wai shi hutun rashin lafiya ba. Ranar da ta kwanta, ranar babu ciniki.

Akwai kuma zargi, wanda ya fi aike ciwo. Saurayi ba ya fita da safe, fitilar ɗakinsa na kunne har ƙarfe 2 na dare, amma ya sa sola, ya sauya waya, ya ɗauke wa gidansu cefane. Unguwa ba ta rasa fassara: ɗan Yahoo ne. Dalilin raba daren kuwa lissafin agogo ne kawai. Kano na gaban New York da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara, saboda haka in ana tashi daga aiki ƙarfe 5 na yamma a can, nan ƙarfe 10 ko 11 na dare ne. In kamfanin na Kalifoniya ne, a ƙara awa uku. Cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 har da yadda ake tare matasa a hanya ana bincikar wayoyinsu da kwamfutocinsu, ana ɗaukar duk mai jakar kwamfuta a matsayin ɗan damfara. A Arewa zargin kan fito ne a wani wuri mai muhimmanci: binciken aure. Wakilan yarinya sun zo unguwa suna tambaya, "Ina yake aiki?" Maƙwabci ya ce, "Wallahi mu dai a ɗaki muke ganinsa." An sha ganin magana ta yi sanyi a kan haka.

Ofishin da ma'aikaci ke biya wa wuta

Masu cewa mai aiki a gida ya huta da kashe kuɗi kuɗin mota kawai suke lissafawa. A ofis, wuta da intanet da kujera da fanka duk na mai kamfani ne. A gida sun dawo wuyan ma'aikaci. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin wutar rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni, ninki uku da ɗoriya. Wanda ba ya rukunin kuma sai janareta, ko sola da batir in da hali. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data, alhali taron bidiyo shan data yake yi ba sassauci.

Ko da kuɗin a hannu, akwai abin da ya fi ƙarfin mutum. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin. A tsakiyar Maris na shekarar, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi ta rarrafe kwanaki. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa baki ɗaya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ogan da ke zaune a Turai ba lallai ya gane wannan bayani ba. Abin da ya gani kawai shi ne ma'aikacinsa ya ɓace. Shi ya sa za ka ga matashi ya ɗauki kwamfuta a A Daidaita Sahu yana neman shagon caji ko gidan abokin da ke da sola, a cikin zafin Afrilu da kan haura maki 40 a Kano, don dai kada a ce ba ya kan layi.

Wannan tsoron, na kada a ce ba ya kan layi, shi ne ke mulkin ranar mai aiki a gida. A ofis ganin mutum a kujerarsa ya isa shaida, ko da hira yake yi. A gida shaidar ita ce saurin amsa saƙo. Sai mutum ya koma ɗaukar waya zuwa banɗaki, yana leƙa ta da zarar ya sallame salla, yana amsa "To, ranka ya daɗe" ƙarfe 11 na dare.

Ranar zazzaɓi

A ce safiyar Litinin ce a watan Satumba, damina ta ja baya, sauro ya yi yawa. Ma'aikaci ya farka bakinsa na ɗaci, gaɓoɓinsa kamar an yi masa duka, yana rawar sanyi cikin bargo alhali kowa na fifita. Ya san ko mene ne. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nunawa shekara bayan shekara, saboda haka wannan safiya ba baƙuwa ba ce a kowane gida.

Da a ce ofis yake zuwa, da magana ta ƙare. Zai buga waya ya ce, "Oga, yau ba zan samu shigowa ba, jikin ya ƙi." Oga ya ce Allah ya sawwaƙe. Babu mai tunanin wanda ke rawar sanyi zai iya hawa babur ya ratsa cunkoso, kuma fayil ɗin na kan tebur a ofis, ba zai biyo shi gida ba. Hanyar da ke tsakanin gida da ofis ita ce ke kare shi, ba tare da kowa ya lura ba.

Yanzu babu hanyar. Ya tura saƙo ta WhatsApp, amsa ta zo: "Ayya, sannu. Allah ya ba da lafiya. In ka ɗan ji dama-dama ka duba mana takardar nan, ba ta da yawa." Ƙarfe 10 akwai taro, aka ce ba sai ya kunna kyamara ba, ya dai saurara. Ya aika ƙanensa kemis ya sayo farasitamol da maganin zazzaɓi, ya jingina da filo, kwamfuta a kan cinya, haskenta na soke masa ido. Ana cikin taron aka kira sunansa, ya gyara murya ya yi bayani. Da ya yi bayanin kuwa, kowa ya ɗauka ya warware. Kafin azahar an turo masa wasu ayyuka biyu. Can da la'asar gwaggo ta zo dubiya, ta tarar da majinyacin na danne-danne, ta ce, "Au, ashe ma jikin da sauƙi."

Maganin zazzaɓin da aka fi bayarwa a yanzu na kwana uku ne, safe da yamma, kuma jiki na buƙatar barci da ruwa da abinci kafin ya dawo daidai. Wanda ya yi kwana ukun nan yana aiki rabi da rabi bai huta ba, aikin kirki ma bai yi ba. Lissafin da ya yi da zazzaɓi a ka, wani ne zai zauna gyaransa ranar Alhamis. Amma a rajistar kamfani, bai yi fashi ko na rana ɗaya ba.

Alƙaluman da aka tattara a wasu ƙasashe sun nuna haka abin yake. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya gano cewa a 2020 masu yin aiki daga gida sun yi fashin rashin lafiya na kimanin kwana 2 kowannensu, waɗanda ba sa yi daga gida kuma sama da kwana 4. Rahoton ya kuma nuna masu aiki a gidan na ƙara kimanin awa 6 a mako da ba a biyansu, sauran kuma ƙasa da awa 4. Tun kafin korona ma, Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji na wata tara a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai a ƙasar Sin, inda aka bar wasu masu amsa waya suka yi aiki daga gida. Aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, kuma wannan adadi ne masu goyon bayan tsarin suka fi yawan ambata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kashi 9 daga ciki ya samu ne saboda sun ƙara yawan mintocin aiki, sun rage hutun tsakiyar aiki da ranakun fashin rashin lafiya. An kuma ga ƙarin girma ya fi yi musu wuyar samu a kan takwarorinsu da oga ke gani kullum, kuma da gwajin ya ƙare kusan rabinsu suka zaɓi komawa ofis, da yawa saboda kaɗaici.

Wani ɓangare na raguwar fashin alheri ne, kada a yi wa tsarin rashin adalci. Wanda ba ya cakuɗuwa da jama'a a mota da ofis ba ya yawan ɗaukar mura, wanda ya ɗauka kuma ba ya rabawa. Mai ɗan targaɗe a ƙafa zai iya aikinsa lafiya lau a zaune. Ga masu cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita, da waɗanda shan inna ta raunana wa ƙafa, da mai jego da ke shayarwa, aiki daga gida ƙofa ce da a da take rufe. Amma mai sikilar nan, ranar da ciwon ya taso, gadon asibiti da ƙarin ruwa yake buƙata, kuma shi ne ya fi kowa jin nauyin cewa ba zai iya ba, don yana ganin an riga an yi masa alfarma da aka bar shi a gida. Ragowar raguwar kuwa ba lafiya ce ta ƙaru ba. Marasa lafiya ne ke aiki a kwance.

Jiki kuma magayi ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike da ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Wanda ke fara amsa saƙo bayan sallar asuba ya rufe kwamfuta tsakar dare ba ya buƙatar dogon lissafi kafin ya san rukunin da yake.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1971 ce, kuma babu inda ta ambaci aiki daga gida. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci damar a biya shi har kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya ba da takardar shaida. Nan akwai matsala biyu. Ta farko, ma'aikacin da dokar ke nufi shi ne mai aikin ƙarfi da ƙaramin ma'aikacin ofis; ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararrun masu sana'o'in ilimi da fasaha, wato yawancin masu aiki daga gida ke nan. Su abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsu aiki shi ne madogararsu. Ta biyu, mutum nawa ne ke zuwa wurin likita don zazzaɓin kwana biyu? Yawanci a kemis ake gamawa, kemis kuma ba ya ba da takarda.

Masu aikin kwangila ta intanet, waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka miƙa, su ko wannan ba su da shi. Matsayinsu ɗaya da mai ƙuli: ba aiki, ba biya. Ƙari a kan haka, jinkirin kwana biyu na iya sa wanda ya ba da aikin ya rage musu maki a shafin da ake ɗaukarsu, makin kuma shi ne jarinsu.

Wasu ƙasashe sun fara ja wa abin layi. Tun Janairun 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum zai kashe waya ba tare da ya yi laifi ba. Fotugal ta yi doka a 2021 da ta hana mai kamfani neman ma'aikaci bayan lokacin aiki sai da larura mai ƙarfi. Ostareliya ta ba ma'aikata 'yancin ƙin amsa irin wannan kira daga Agustan 2024. A nan gida, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar zamani, kuma da yawansu aiki daga gida za su nema. Horar da su abu ne mai kyau. Sai dai za a tura su fagen da dokar da ke kula da shi ta girmi iyayen wasunsu, kuma wannan gyara ne da ke jiran Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda har yanzu albashi mafi ƙanƙanta ya fi ɗauke musu hankali.

Kafin a kai ga doka, akwai abin da ke hannun shugabannin wuraren aiki tun yau. In ma'aikaci ya ce ba shi da lafiya, a yi masa addu'a a tsaya a nan, kada a liƙa mata "amma ka ɗan duba mana". A cire sunansa daga taron ranar, a miƙa abin gaggawa ga wani, kamar yadda za a yi da a gadon asibiti yake. Oga da kansa in ya kwanta ciwo ya faɗa, ya kuma ɓace daga layi, domin na ƙasa da shi abin da yake yi suke kallo.

Kai kuma ma'aikaci, kafin ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki ta gaba, ka nemi a nuna maka inda aka rubuta ƙarfe nawa ake tashi, wa zai biya kuɗin data da wuta, da kwana nawa za ka iya kwanciya ciwo a shekara a biya ka. In babu, ka nemi a rubuta kafin ka fara.